Gargaɗi ga masu lambu a Kaduna: injin yankan ciyawa ake sayar muku da sunan ƙaramar tarakta

Assalamu alaikum. Masu lambu da 'yan fadamar bakin kogin Kaduna, da duk mai 'yar gona a hanyar Zariya ko ta Kachiya, a yi hattara. Akwai wani mutum da yaransa da ke tallan "ƙaramar tarakta 'yar Amurka, an gyara ta tsaf" a Facebook da WhatsApp. Ba shi da shago. Yau ya ce a same shi a Mando, gobe a Kakuri, kuma kullum akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi anjima, don haka sai ka tura kafin alƙalami. Wani maƙwabcinmu ya tura, an kawo masa kaya kore shar da ratsin ɗorawa, ga sitikar kamfanin tarakta na John Deere sabuwa fil. Ranar da ya ɗaura mata garma, ba a gama kunya ta biyu ba giya ta ce ga garinku nan.

Abin da aka kawo masa injin yankan ciyawa ne, irin wanda Turawa ke hawa su aske harabar gida. Daga nesa kamarsu ɗaya da taraktar lambu, shi ya sa damfarar ke ci. Amma kama da wane ba ta wane.

Taraktar lambu ta gaske tana da tarihi, kuma a jikin ƙarfenta yake. Kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a 1961, John Deere ya fito da samfurin 110 a 1963, ga kuma Wheel Horse mai jan fenti, wadda kamfanin Toro ya sayi kamfaninta a 1986. An ƙera su ne don jan garma da haro, shi ya sa suke da nauyi. Ka durƙusa ka dubi tayar baya. Ta gaske rim ɗinta inci 12 ne, ɗaure da notuna, yawanci biyar, kamar na mota. Ta yankan ciyawa kuwa an zura tayar ne kawai a kan sanda, an tare ta da ɗan makulli, notu ko ɗaya babu. Sannan ka tafi da maganaɗisu a aljihu ka manna a jikin giyabos. Tsofaffin nan galibi ƙarfen zubi ne, zai kama gam. In ya faɗo, alminiyom ne, sai ka ƙara bincike.

Injin ma yana faɗin sunansa. Yawancin waɗannan tsofaffi da Kohler samfurin K suka zo: K181 doki 8, K241 doki 10, K301 doki 12, K321 doki 14. Akwai ɗan allon ƙarfe a murfin fanka mai ɗauke da lambar. In Briggs & Stratton ne, lambobi kashi uku aka buga a jikin ƙarfen, kuma a kashi na uku lamba biyun farko shekara ce, biyu na biye wata, sai rana. Wanda ya fara da 870312 an ƙera shi ran 12 ga Maris 1987. Mutumin nan ya san da haka sarai. Shi ya sa a kayansa allon lambar ko dai an ɓamɓare shi, ko an shafe shi da fenti mai kauri. Na maƙwabcinmu ramukan ƙusa biyu kawai suka rage a wurin. Da aka tambayi mutumin sai ya ce wai a jirgin ruwa ya faɗi.

Ni dai abin da ya fi ba ni haushi kalmar "an gyara" ce. Gyaran tsohuwar tarakta aiki ne na haƙuri: a kwance kafireto a wanke, a sauya zoben fistin, a duba bawul, a zubar da tsohon man giya, a sa sabon bel, fenti shi ne na ƙarshe. Shi da fenti yake farawa, da shi yake gamawa, har kan wayoyi da tiyon mai ya fesa. Sai ya ɗura baƙin mai mai kauri don ya ɓoye hayaƙi, ya kuma ɗumama injin kafin ka iso. Ka taɓa salansa da bayan hannu. In da zafi, ka ce za ka dawo da sassafe a tayar a gabanka, ka tsaya bayanta ka ga ko shuɗin hayaƙi zai fito.

Yana kuma karɓar gyara, wannan ma a kiyaye. Mai tsohuwar tarakta ta gado zai ba shi, ta dawo tana ƙyalli, alhali an sauke Kohler ɗin asali an ɗora ƙaramin injin ban-ruwa. Kafin ka miƙa wa kowa taka, ka ɗauki hoton lambar inji da ta jiki.

Kada ka tura ko sisi a kan hoto. Ka tafi da bakanikenka, a kasuwar Panteka akwai tsofaffin hannu da suka san inji tun daga ƙararsa, kuɗin shan ruwansu bai kai asarar ba. A gwada ta a ƙasa da garma ɗaure, a rubuta lambobin a rasit gaban shaidu. Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya adana shaidar tura kuɗin da saƙonnin da suka yi, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya sanar da bankinsa tun asusun da ya tura wa bai zama fanko ba.