Wata shida ina hira da wani dattijo ta manhaja

Wata shida ke nan ina amfani da wata manhaja da ke haɗa matasa da tsofaffin da ke zaune su kaɗai, a yi hirar bidiyo ta minti 30 kowane mako. Ni an haɗa ni da wani dattijo mai shekara 84 a Ingila, tsohon makanikin jirgin ruwa. In zai yi magana sai ya matso dab da kyamara, ba na ganin komai sai goshinsa da tabarau ɗin da ya ɗaure ƙafarsa da zare.

Manhajar ta yi ƙoƙari wajen sauƙi. Maɓallin kira ɗaya ne tak, ƙato, kuma duk abin da na faɗa yana fitowa a rubuce a ƙasan allo. Ga wanda kunnensa ya yi nauyi, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Sauti yakan yanke jefi-jefi.

Abin da na fi so shi ne taron masu sa kai na wata-wata. Wata 'yar Japan ta ce ba za ta iya kiran tsohuwar da aka haɗa ta da ita da suna haka kawai ba, sai ta ƙara "san", kalmar girmamawa a harshensu. A ƙasarsu Litinin ta uku a watan Satumba hutu ce ta girmama tsofaffi. Ɗan Jamus ya yi makonni yana ce wa nasa tsohon "Sie", wato "ku" na girmamawa, sai da tsohon da kansa ya ba shi izinin "du", wato "kai". Wani ɗan Sin ya ce tun 2013 doka ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi, amma shi rabonsa da gida shekara guda. Muryarsa har rawa take. Ni kuwa dattijon ya ce in kira sunansa, bakina ya ƙi. Baba nake ce masa, har ya saba.

Takardar da ake cikewa bayan kowane kira ce ke ɓata mini rai. Ya yi mantuwa? Yana cikin damuwa? Ya sha magani? Babu gurbi ko ɗaya na abin da ya koya maka, alhali mutumin nan ya koya mini gane ciwon inji daga ƙararsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum ɗaya cikin biyu yana kallon tsofaffi da raini, kuma ina jin ƙanshin hakan a takardar nan. Sau biyu ina rubuta wa masu manhajar su ƙara gurbin, har yau shiru.

Ban daina ba dai. Ranar Laraba Baba zai nuna mini hotunan jirginsa na farko.