Keken alminiyam ɗan Kwatano a hanyar gargada

Keken na hannu ne, irin waɗanda ake shigo da su ta Kwatano, mai giya da siririyar taya, an buga 6061 a jikin firam ɗinsa, wato lambar irin alminiyam ɗin da aka ƙera shi da shi. Kafin shi tsohon Phoenix na ƙarfe nake hawa, mai wili inci 28, wanda na gada wajen Baba.

Wajen rashin nauyi ba magana. Da hannu ɗaya nake ɗaga shi in tsallake kwata, kuma a kan kwalta kana taɓa feda ya wuce. Amma da na sauka hanyar unguwarmu mai gargada, duk tsakuwar da taya ta taka sai na ji ta a tafin hannu da ƙugu, har yatsuna su yi sanyi.

Dalilin a bayyane yake. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma ya fi ƙarfe saurin lanƙwasa da kusan ninki uku. Shi ya sa maƙera suke yi masa bututu mai kauri, sai firam ya fito a sandare. Phoenix kuwa bututunsa siriri ne, ƙafar gabansa tana da ɗan lanƙwasa, ga sifirin a ƙarƙashin sirdi.

Sai dai ban ɗora wa firam duka laifin ba. Mai gyaran kekenmu ya ce, "Malam, tayar nan taka ai ta 'yan tsere ce, kuma ka cika ta da iska kamar dutse." Ya sa mini mai faɗi, ya rage iska, ya canza sirdi. Jijjigar ta ragu ƙwarai, don roba da iska ne ke shanye yawancinta kafin ta kai ga firam.

Abin da ya rage mini shi ne fargabar tsagewa. Ƙarfe ko a wane lungu akwai mai walda da zai ɗinke maka shi. Alminiyam sai mai na'urar agon, wato na'urar walda mai aiki da iskar gas ta agon, kuma wurin da aka ɗinke ba ya komawa da ƙarfinsa na da.

Ɗalibi ko ma'aikacin da hanyarsa kwalta ce, ya sayi na alminiyam, amma ya duba mahaɗan firam da kyau kafin ya biya. Mai ɗaukar buhun masara ko jarkokin ruwa a kariya, ya riƙe na ƙarfensa.