Mercedes-Benz W123: Tsohuwar Marsandi da Ta Ƙi Gajiya

Tarihin Mercedes-Benz ya faro ne a 1886, lokacin da Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku, amma sai a 1926 kamfaninsa ya haɗe da na Daimler aka samu kamfanin Daimler-Benz mai hedikwata a Stuttgart. A ganina, cikin motocin da suka ƙera babu wadda ta kai W123 riƙe amanar mai ita.

An ƙera kusan miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986, kuma direbobin tasi a Jamus sun rungume ta, domin injin dizal ɗinta yakan ci kilomita dubu ɗari-ɗari ba a kwance shi ba. Idan aka rufe ƙofarta, ƙarar takan fito da nauyi kamar an rufe akwatin ƙarfe, sitiyarinta faffaɗa ne, kuma tana haɗiye gargadar hanya ba ta girgiza fasinja.

Sai dai mai son gudu ya nemi wata. Samfurin 240D ƙarfin dawaki 72 kacal gare shi, don haka wuce babbar mota a kan tudu na bukatar haƙuri da lissafi. Waɗanda suka daɗe da ita sun fi kokawa da tsatsa, wadda kan ci ƙasan ƙofofi da gindin mota, shi ya sa ya kamata mai saye ya ɗaga kafet ya duba kafin ya biya kuɗi.