Harsashin tsohuwar bindigar soja a dajin farauta: wanne ya cancanci kuɗinka?

Da zarar kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara busowa daga wajen Marwa, hirar maharba a Garwa ba ta wuce maganar bindiga da harsashi. Bana ma wani ƙanena ya zo mini da tambayar da na sha ji. An yi masa tallan tsohuwar bindiga mai cin harsashin sojan da, da araha, har da gyaran harsasai cike da gwangwani, wai ya saya ko ya bari? Na ce masa ya zauna tukuna, domin abu biyu ya haɗa a baki ɗaya. Akwai kalibar harsashi, wato girmansa da fasalinsa, akwai kuma ainihin harsashin da aka ƙera wa soja shekara sittin ko saba'in da suka wuce. Kalibar tana iya zama alheri a hannun maharbi. Shi kuwa tsohon harsashin, ban yarda kowa ya shiga daji da shi ba, ko kyauta aka ba shi.

Ba mamaki ba ne irin waɗannan bindigogi suka yawaita a ƙasarmu, don sojojin ƙasa uku sun taka ta. Jamusawa sun riƙe Kamaru daga 1884 da bindigoginsu na Mauser. A yaƙin duniya na farko Garwa ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa a 1915, Jamusawan da suka ƙi miƙa wuya a kan dutsen Mora kuma sai a Fabrairun 1916 suka sauko. Ingilishi sun zo da Lee-Enfield mai cin .303, Faransawa da Lebel da Berthier masu cin 8 mm, daga baya kuma MAS 36 mai cin 7.5x54. Kowannensu ya bar wani abu a baya.

Kafin ka taɓa aljihu, fara da takarda. Dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016 ta raba makamai rukuni-rukuni, na yaƙi daban, na farauta daban, kuma izinin mallakar bindiga daga ma'aikatar mulkin cikin gida yake fitowa. Izinin farauta kuma na ma'aikatar gandun daji da namun daji ne, MINFOF. Dokar daji ta 20 ga Janairu 1994 ta haramta farauta da makami ko harsashin yaƙi da sojoji ko 'yan sanda ke amfani da shi, ko suka taɓa amfani da shi, haka nan bindigar da ke zubo harsashi fiye da ɗaya da matsa kunama sau ɗaya. An sake sabuwar dokar daji a 2024, saboda haka rubuta sunan bindigar da kalibarta a takarda, ka kai ofishin gandun daji da ke Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ka ji ta bakinsu kafin ciniki ya faɗa. Maganar Kalashnikov da harsashinta 7.62x39 ba ta ma taso ba. A yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane da ɓarayin daji, inda mahaya dawakai suka karkashe ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njida a 2012, wanda jandarma ya kama da ita ba za a kira shi maharbi ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na tsani tsohon harsashin soja. Tun yarjejeniyar Hague ta 1899 aka hana amfani da harsashi mai buɗewa cikin jikin mutum a fagen yaƙi, shi ya sa ake lulluɓe kan harsashin soja da ƙarfe ruf har tsininsa. Ya shiga ya fita, ya bar 'yar ƙofa kamar ta fensir. Maharbi kuwa akasin haka yake nema: kan da dalmarsa ta leƙo a tsini, wanda idan ya shiga zai baje kamar laimar kwaɗi, ya ɓarke huhu da zuciya, dabba ta faɗi nan kusa a yanka ta.

Ina saurayi na harbi kanki da irin wancan harsashi mai rufaffen kai. Na ga ƙura ta tashi a bayansa, alamar harsashin ya ratsa ya wuce, shi kuwa ya zabura ya bi garke kamar ba a taɓa shi ba. Ni da kawuna muka bi ɗigon jini a kan busasshiyar ciyawa, ɗigo nan, ɗigo can bayan taki ashirin, har rana ta faɗi. Washegari ungulaye ne suka nuna mana inda yake, a bakin wani busasshen rafi, kura ta riga ta cinye cinya ɗaya. Kawu ya daɗe yana kallon gawar, sannan ya ce, "Ɗana, naman nan bai halatta gare mu ba, shi kuma ya kwana yana shan azaba a banza. Annabi ya ce idan za ku kashe ku kyautata kisa." Tun ranar ban sake ɗura irinsa ba.

Matsala ta biyu tsufa ce. Albarushi yana lalacewa da zafi, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, balle gwangwanin da ya shekara talatin a ƙarƙashin rufin kwano. Irin wannan harsashi wani lokaci ka ja kunama ka ji ƙyas, shiru, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya tashi. Idan haka ta faru, kada ka buɗe bindiga, kada ka juyo da bakinta, riƙe ta a saitin da take ka ƙirga har sittin. Ga kuma ƙyastun da ke gindin tsoffin harsasai, wanda ke barin wani gishiri a cikin bututu. Mai ba ya narkar da shi, sai ruwan zafi, kuma idan aka kwana biyu ba a wanke ba tsatsa ta fara cin bututun. Yawancin tsoffin bindigogin da za a kawo maka talla, abin da ya kashe su ke nan.

To idan kalibar ta samu izini, kuma sabon harsashin farauta za ka saya a shago mai lasisi, wanne za ka ɗauka?

Na fi daɗewa da .303, saboda haka da shi zan fara. Tun 1888 yake, kansa na farauta yana kai giram 11.7, gudunsa kuwa wajen mita 740 a daƙiƙa. Ba ya dukan kafaɗa sosai, kuma Lee-Enfield tana da santsin ɗuri, akwatinta na ɗaukar goma. Mariya, mazo, gadu, kanki, duk ya ishe su cikin mita ɗari da hamsin. Aibinsa biyu. Kwansonsa yana da leɓe a gindi, idan ka jera su ba daidai ba leɓen na sama ya maƙale a bayan na ƙasa, bindiga ta cije a daidai lokacin da kake buƙatar harbi na biyu. Sannan da yawa daga cikin bindigogin sun sassauta saboda tsufa. Bayan harbi ɗauki kwanson ka duba: idan ka ga wani zobe mai haske ya zagaye shi sama kaɗan da gindi, kwanson yana miƙewa ne, wata rana zai tsinke gas ya feso maka a fuska. Wanda ya gaji mai lafiya daga mahaifinsa, da takardunta, ya riƙe abarsa. Amma in sabon saye ne, ba zan tura ka neman ta ba, domin harsashinta ya fi wuyar samu a ɓangarenmu mai Faransanci.

Sai 8x57 na Mauser, wanda a ganina ya fi .303 ta kowace fuska in ban da laushin duka. Kai mai giram 12.7 yana fita da gudun da ya kusa mita 800 a daƙiƙa, ya isa gwanki, wanda duk maharbi ya san taurin ransa. Kwansonsa ba leɓe, makullin Mauser 98 kuma, wato ƙarfen da ake ja a tura a ɗura harsashi, yana damƙe harsashi tun daga akwati har ya kai shi mazauninsa, ga ƙarfi, ga jure ƙura. Sai dai akwai tarkon da ba kowa ya sani ba. Kalibar iri biyu ce. Ta asali ta 1888 kanta ya fi siriri, wajen milimita 8.08, wadda ta biyo baya a farkon ƙarni na 20 kuma milimita 8.2, ita ce ake rubuta wa harafin S, wato 8x57 IS ko JS. Idan ka ɗura mai S a bututun tsohuwar, matsin ya wuce kima, bindiga tana iya fashewa a hannunka. Duba rubutun da aka buga a jikin bututu. Idan ya goge, kada ka yarda da rantsuwar dillali, kai wa maƙerin bindiga ya auna.

Ƙanensa 7x57, wanda sojojin Sifaniya suka ɗauka a 1893, ya fi su daɗin harbi, ya kuma dace da mai ƙaramin jiki. Za ka ji ana cewa wani Bature mai suna Bell ya kashe giwa kusan 800 da shi. Gaskiya ne, amma a ƙwaƙwalwa yake harbinsu daga kusa, bayan ya shekara da shekaru yana nazarin ƙoƙon kan giwa. Kada labarin ya ruɗe ka. Na mariya da mazo da kanki ne.

Shi kuwa 7.5x54 na MAS 36, a matsayin harsashi ba shi da laifi, giram 9 ne mai gudun wajen mita 820. Amma bindiga ce da sojoji da jandarmomin ƙasar nan da na Cadi suka riƙe, saboda haka kai tsaye ta faɗa cikin abin da dokar 1994 ta hana. Ga shi ba ta da makullin tsaro ko kaɗan, da harsashi a ciki ba abin da ke tsakaninka da hatsari sai yatsanka. Bar ta. Lebel ma haka, wurinta gidan tarihi.

Idan abin da ka fi damuwa da shi shi ne samun harsashi duk shekara, .30-06 na Amurka, wanda ya fito a 1906, ya sha gabansu duka. Kusan kowane kamfanin harsashi yana yin sa, su Norma da RWS da Sellier & Bellot da Prvi Partizan, da nauyin kai iri-iri tun daga giram 9.7 har 14. Na giram 11.7 shi kaɗai ya ishe ka daga gada har gwanki. Kuma ana samun sababbin bindigogin farauta masu cin sa, waɗanda ba su taɓa shiga bariki ba, ana iya ɗora musu madubin hange ba tare da an fafe ƙarfe ba.

Akwai wata hanyar da mutane ke mantawa da ita. Faransa ta daɗe tana lissafa .30-06 da 8x57 da 7x57 cikin kalibobin yaƙi, sai a 2013 ta sassauta. Shi ya sa maharban Faransa, har da waɗanda suka zauna a nan, suka rungumi 7x64 da Brenneke ya fitar a 1917. Aikinsa kusan ɗaya da na .30-06, bai kuma taɓa zama harsashin soja ba, saboda haka babu gardama a kansa a gaban ma'aikaci. Wannan na ce wa ƙanena ya nema, in bai samu ba ya koma kan .30-06.

Duk abin da na lissafa, babu na ɓauna a ciki. Na san an kashe ɓauna da .303, amma ɓaunar da aka raunata tana shiga duhuwa ta juyo ta jira mai bin sawunta, kuma galibi ba mai bindigar ne a gaba ba, ɗan jagora ne mai iyali. Mai izinin ɓauna a yankunan farauta da ke kewaye da gandayen dajin Binuwai da Faro da Buba Njida ya nemi 9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙirƙira a Berlin a 1905 domin Jamusawan da ke zaune a Afirka, kai mai giram 18.5 a cikin makullin Mauser na yau da kullum. Ko kuma .375 H&H na 1912. Wanda kuwa farautarsa ba ta wuce zabo da fakara da zomo ba, duk wannan ɓarnar kuɗi ce, kaliba 12, wato bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, ta ishe shi.

Ranar ciniki ka tafi da rana tsaka. Tabbatar babu harsashi a ciki, zare makullin gaba ɗaya, ɗaga bututun ka leƙa ta baya wajen haske. Layukan da suka murɗa a ciki su fito da kaifi, ƙarfen yana sheƙi. Idan ka ga baƙi da ƙananan ramuka kamar zanzana, ajiye ta. Ɗauki harsashi ka gwada tsininsa a bakin bututu, in ya nutse har wuyan kwanso, bakin ya cinye. Lambar da ke jikin makulli ta zo daidai da ta jikin bindiga, ta kuma zo daidai da ta takarda, harafi da harafi. Duba itacen ta bayan makulli ko ya tsage. Sannan ka nemi a je inda aka yarda a yi gwaji, a kafa kwali a taki ɗari da tudu a bayansa, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi ka harba uku da ainihin harsashin da za ka riƙa saya. In tafin hannunka ya rufe ramukan uku, kuma kowane rami zagayayye ne, ba wanda ya shiga a kaikaice, sai ku zauna maganar kuɗi.