Hattara da masu tallar irin barkonon Sin a Kumasi

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Akwai wata talla da ke yawo a WhatsApp, musamman a zaurukan iyayenmu mata na Aboabo da Asawase. Wasu ne ke cewa suna da irin barkonon Sichuwan, wannan da mutanen Sin ke sa wa a girki, mai sa harshe ya yi kamar ya mutu. Wai ki tura kuɗin rajista ta MoMo (tura kuɗi ta waya), a kawo miki ƙullin iri, ki shuka a bokiti, bayan wata 6 su dawo su saye amfanin su kai gidajen abincin 'yan Sin a Accra. Don Allah kada kowa ya tura ko pesewa ɗaya.

Shukar dai gaskiya ce. Ƙaramar bishiya ce mai ƙaya, ana noma ta sosai a yankin Hanyuwan na lardin Sichuwan, kuma masu lambu a Ingila da Faransa suna shuka ta. Amma 'yar ƙasar sanyi ce, lokacin ɗari ganyenta kakkaɓewa yake yi. Irinta ba ya tsira da sauƙi sai ya sha sanyi da danshi na wata 2 zuwa 3, shi ya sa Turawa ke cakuɗa shi da jiƙaƙƙen yashi su ajiye a firji kafin shuka. Hunturunmu na Kumasi ko kusa bai kai wannan sanyin ba. In ma ya tsira, shekaru ake jira kafin a ga 'ya'ya. To ina wata 6 ya fito?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, jan ɓawon ake ci. Baƙar ƙwayar da ke ciki tsakuwa-tsakuwa take a baki, masu sarrafa barkonon tankaɗe ta suke su zubar. Ƙullin da na gani a hannun wata hajiya maƙwabciyarmu irin waɗannan baƙaƙen ƙwayoyi ne da ake zubarwa, busassu ƙayau, babu suna, babu takarda, kuma lambar da ta tura wa kuɗi ta daina shiga. Alhali duk irin da ya shigo Ghana daga waje sai da izinin PPRSD, hukumar kare tsirrai ta ma'aikatar noma, bisa dokar tsirrai da taki ta 2010. Ku tambaye su wannan takarda, za ku ji sun fara kame-kame.

Wai ma, fasaƙwari da muke saye wurin masu kayan yaji ɗan'uwan wannan bishiyar ne, kuma a ƙasar nan yake fitowa da kansa. Mai sha'awar noman kayan ƙamshi ya leƙa cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ya nemi shawara.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge saƙon MoMo ɗin da hirar da suka yi. Ya sanar da kamfanin layinsa, sannan ya kira 292, lambar hukumar tsaron intanet, ya ba da lambar wayar da aka karɓi kuɗin da ita.