Sirinjin Auna Maganin Ruwa: Ƙaramin Kaya Mai Babban Aiki a Gida

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, kayan da nake yawan ba iyaye shawarar su saya shi ne sirinjin roba da ake auna maganin ruwa da shi, wanda ake ɗiga wa yaro a baki ba tare da allura ba. Ana samunsa a manyan kantunan magani, wani lokaci kuma a cikin kwalin maganin kansa, kuɗinsa bai kai na kwalbar magani guda ba. Waɗanda na fi amfani da su su ne mai ɗaukar mililita 5 da mai ɗaukar mililita 10, kuma ra'ayina a kansu shi ne duk gidan da ke da ƙaramin yaro ya kamata ya mallaki guda, duk da wasu kurakurai na ƙira da zan ambata.

Dalilin da ya sa na fifita shi a kan cokali shi ne, maganin yara yawanci da nauyin jiki ake lissafa shi, ba da ganin ido ba. Hantar jariri da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, don haka jikinsa ba ya sarrafa magani ya fitar da shi kamar na babba, kuma ƙarin da babba ba zai ji ba yana iya zama guba ga ɗan wata shida. A ɗauki farasitamol, wanda kusan babu gidan da ba shi. Ƙa'idarsa ita ce miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, tsakanin sha da sha awa 4 zuwa 6, kuma kada a wuce sau huɗu a cikin awa 24. Yaro mai kilo 10 zai iya shan miligiram 150, wanda a kwalbar da aka rubuta miligiram 125 a cikin mililita 5 ya kama mililita 6 daidai. Babu cokalin da zai auna mililita 6. Cokulan gidajenmu ma girmansu ba ɗaya ba ne, wani bai kai mililita 3 ba, wani ya haura 7, amma duk sunansu cokalin shayi.

Inda sirinjin ya fi nuna amfaninsa shi ne wajen maganin ɗigo na jarirai. Shi wannan ya fi kauri, domin sau da yawa miligiram 100 ne a cikin mililita guda, saboda haka wancan yaro mai kilo 10 mililita ɗaya da rabi kawai yake buƙata. Idan uwa ta saba da waccan kwalba, sai aka sayo mata wannan, ta zuba mililita 6 kamar yadda ta saba, to ta ba ɗanta ninki huɗu na abin da ya kamata, kuma farasitamol idan ya yi yawa hanta yake kamawa, alamunsa ba sa fitowa sosai sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Sirinji ba zai karanta wa uwa kwalba ba, amma yana tilasta mata ta nemi lamba, kuma mai neman lamba dole ya tambayi nas ko mai harhaɗa magani. Wannan tambayar ita ce rabin kariyar. Ina roƙon iyaye su riƙa zuwa da katin awon yaro, domin a nan ake samun nauyinsa na kwanan nan.

Wajen ba da maganin ma ya fi cokali sauƙi. Ana zaunar da yaro a miƙe, a sa bakin sirinjin a cikin kumatunsa ta gefe, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Wannan ya kawar da buƙatar ɗura, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba masa magani, al'adar da nake matuƙar adawa da ita domin ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Kada kuma a feshe maganin kai tsaye cikin maƙogwaro, domin haɗarin ɗaya ne.

Sai dai kayan yana da aibu, kuma babba daga ciki shi ne rubutun jikinsa. A kan masu araha lambobin fenti ne kawai, wanki kaɗan sai su fara gogewa, kuma sirinjin da lambobinsa suka goge bai fi cokali ba, jefar da shi ya kamata a yi. Wanda aka zana wa lambobin da kyau suka kama jikin robar ya fi tsada kaɗan, amma shi nake ba da shawara a nema. Na biyu, mai mililita 5 gajere ne, idan magani ya yi ƙasa a kwalba ba ya kai wa gare shi, sai an zuba a murfin awo an zuƙa daga nan. Na uku, yawancinsu ba sa zuwa da takardar bayani, ga shi mutane da dama ba su san wane gefen abin turawar ake daidaitawa da layi ba, ko kuma cewa kumfar iska tana rage adadin maganin. Ya kamata mai sayarwa ya nuna wannan da ruwa kafin mai saye ya bar kanti, amma kaɗan ne suke yi.

Akwai masu cire allura daga sirinjin asibiti su yi amfani da shi a madadin wannan. Yana auna daidai, amma ban so a saba da hakan ba, musamman a ɗakin marasa lafiya, domin maganin sha da aka zuƙa a sirinjin allura ana iya kuskuren tura shi a jijiya. Saboda wannan haɗari ne asibitocin Ingila suke amfani da sirinjin baki mai launin shunayya, wanda bakinsa ba ya shiga allura.

Ga tsofaffi ma yana da amfani, musamman wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiye ƙwaya, sai dai lambobin sun yi ƙanana ga idon dattijo, don haka mai jinyarsa ne ya kamata ya auna. Ƙodar tsoho tana raguwa da aiki, magani yana daɗewa a jikinsa, saboda haka daidaiton awo ya shafe shi kamar yadda ya shafi jikansa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a daka kowace ƙwaya a jiƙa a zuƙa a sirinji. Wasu ƙwayoyin, kamar nau'in nifedifin na hawan jini da aka yi shi don ya riƙa narkewa a hankali, idan aka daka su ƙarfinsu gaba ɗaya yake fita, jini ya faɗi farat ɗaya.

Haka kuma sirinji ba ya gyara maganin da tun asali gurɓatacce ne. Maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, sinadarin guba ne a cikinsa, kuma da an auna shi daidai ma da ya yi ɓarna. Don haka a duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar lalacewa kafin a kai ga awo, a wanke sirinjin da ruwa mai tsafta bayan kowane amfani, a raba shi biyu ya bushe. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, idan jikinsa ya yi zafi, asibiti za a kai shi kafin a ba shi komai.