Tarihi ko Tsara Birane: wanne ya fi ga mai son koyarwa a jami'a kan wariyar launin fata?

Duk mai son yin digirin digirgir a Amurka kan yadda aka gina birane aka ware baƙaƙen fata gefe guda, yawanci ƙofa biyu ce a gabansa, sashen tarihi ko sashen tsara birane, kuma wallahi ba ɗaya ba ne.

A tarihi, aikinka tsofaffin takardu ne. Za ka yi ta bin taswirorin HOLC, hukumar bashin gidaje ta gwamnatin Amurka da aka kafa a 1933, inda aka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi wai ba da bashin gida a can kasada ce, sai dokar manyan tituna ta 1956 da aka bi aka keta unguwanninsu da titi, irin su unguwar Rondo a birnin St. Paul, har zuwa dokar 1968 da ta hana wariya wajen haya da sayar da gida. Jami'ar Richmond ta ɗora taswirorin nan kyauta a intanet, ka duba su tun kafin ka cike fom, in ka ji ba su ja hankalinka ba to tarihi ba naka ba ne. Karatun na cin shekara 6 zuwa 7, wani ma ya fi, kuma kundinka kusan littafi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne aiki, guraben koyarwa na dindindin sun ragu sosai tun bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, mutane da yawa a koyarwar kwantiragi suke ƙarewa.

Tsara birane kuma ana farawa da mastas na shekara 2, akwai lissafi da ƙididdiga da manhajar taswira ta GIS. Jami'o'in MIT da Berkeley da UCLA duk suna da sashen. Ko jami'a ba ta ɗauke ka ba, hukumomin birane da kamfanoni na neman irinka. Sai dai mastas ɗin galibi kai za ka nemo kuɗinsa, kuma ba arha.

Ni dai in mutum yana da iyali da ke jiransa, tsara birane zan ce masa.

Amma ɗan Kano ko Zariya kar ya raina abin da ke hannunsa. Turawan mulkin mallaka ma sun raba gari, GRA daban, Sabon Gari daban, birni daban, dokar 1917 ta zamanin Lugga ta ƙarfafa hakan har da filin yadi 440 da ake bari tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Takardun na nan a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ga jin Hausa, ga karatun ajami, wannan jari ne babba a sashen tarihi.

Ko wanne ka zaɓa, kar ka karɓi gurbin digirgir sai an rubuta maka ƙarara cewa an yafe kuɗin makaranta, ga alawus, ga yawan shekarun da za a biya. Sannan ka tura wa ɗaliban farfesan da zai kula da kai saƙo ka tambaye su ina waɗanda suka gama a hannunsa suke aiki yanzu.